Ranar da Aka Fitar da Sjur

Jirgin fito bai gama jingina ba Eldrid ta hango yayarta Gunvor tsaye a bakin gaɓa, hannuwanta cikin aljihun tsohon kwat ɗin mahaifinsu. Ba su rungumi juna ba. Gunvor ta karɓi jakar, ta jinjina ta, sannan ta sauke ido kan takalman ƙanwarta.

"Da waɗannan za ki hau tudu? Ko kin zaci darduma aka shimfiɗa miki har ƙofar gida?"

"Daga filin jirgi nake, Gunvor. Jiya war haka ina Hamburg."

"Mu ma jiya war haka muna nan. Shiga mota, ki ture buhun abincin tumaki gefe."

Mahaifinsu, Sjur, ya rasu ne kwanakin baya da safe, yana zaune a kan benci yana ɗaura igiyar takalmi zai fita wurin tumaki. Ya gama ɗaura ƙafa ɗaya. Abin da Gunvor ta faɗa ke nan a waya, kuma yanzu da motar ke hawa hanyar kwari, dusar ƙanƙara na ƙara tsawo a gefe da gefe, ba ta ƙara komai a kai ba. Sai da suka wuce gadar katako ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Gobe ke za ki fitar da shi."

A kwarinsu ba a fitar da mamaci daga gidansa shiru. Akan ajiye akwatin gawa a babban ɗaki a buɗe, maƙwabta su cika gida har baranda, mutum ɗaya ya ba da waƙa, kowa ya kama, manya da yara, mai murya da marar murya. A baitin ƙarshe ake rufe akwati a ɗauka. Da ya tsallake bakin ƙofa, shi ke nan, ba a komawa. Sauran wurare sun daɗe da barin abin, daga asibiti sai coci. A nan ya ɗore ne saboda Sjur yana raye, don shi ne mai bayarwa tun kafin a haifi 'ya'yansa.

Tun tana ƙarama Eldrid take bin sa gidajen rasuwa, riƙe da gefen kwat ɗinsa, har ta iya waƙoƙin kafin ta iya karatu. Tana 'yar shekara goma sha shida aka kai mawaƙan makarantarsu Bergen, wani mutumin gidan talabijin ya ji wata siririyar murya ta tashi ta bar sauran a ƙasa, ya ce a nuna masa mai ita. Daga nan abin ya tafi da ita. Faifanta na Kirsimeti babu gidan da bai shiga ba. Ta yi waƙoƙin coci da masu goge a bayanta, ta yi na opera da makirufo a hannu, ta yi na soyayya da Ingilishi. Masu opera suka ce ai 'yar rediyo ce, masu kiɗan zamani suka ce 'yar coci ce, ɗakunan taro kuwa suka ci gaba da cika daga Oslo har Tokyo. Gida sai da bazara, kwana kaɗan, in ma an samu.

Akwai wata tsohuwar waƙa ta kwarin, ta matafiyin da yamma ta yi masa a hanya yana roƙon a buɗe masa ƙofa. Da ita Sjur yake fitar da kowa. Eldrid ta ɗauke ta, ta miƙe mata lanƙwashe-lanƙwashenta, ta ɗaga ta can sama inda muryarta ta fi haske, ta mai da ita abin rufe taro. Takan fara ita kaɗai babu kiɗa, dubban mutane su riƙe numfashi. Ranar da ta kawo wa mahaifinta faifan, ya zauna ya saurara har ƙarshe, hularsa a kan gwiwa. Da ya ƙare sai ya ce, "Duk waɗannan masu gogen, a mota ɗaya kuke tafiya?" Bai ƙara cewa komai a kan waƙar ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Mahaifiyarsu, Borghild, tana zaune a kicin kusa da murhu, sandunanta biyu jingine da tebur. Ta kama fuskar Eldrid da hannuwa masu ɗumi ta juya ta wajen taga.

"Kin rame. A Jamus ɗin ba sa dafa dankali ne?"

"Suna dafawa, Mama."

"To ba sa ba ki. Zauna. Gunvor, zuba mata kofi, ki yanko mata naman nan."

Eldrid ta shiga babban ɗaki ta ga mahaifinta, ta daɗe a tsaye, ta dawo ta zauna. Borghild ta bari sai da ta sha rabin kofin.

"Ni ba zan sauka coci ba gobe. Likita ya hana, ƙugun nan ma ya riga likita hanawa. Iyakata bakin ƙofa." Ta gyara ƙaramin cokalin da ke gabanta, ko da yake ba a karkace yake ba. "Tun ina amarya nake tsayawa bayan ubanki ina amsa masa a kan gawar mutane. Babu gidan da ban shiga ba a kwarin nan. Saura tasa. Ina so in raka shi da bakina, shi ke nan abin da nake so. Ki ɗauko waƙar daga ƙasa, 'yata, inda tsohuwa za ta iya kamawa."

"Na sani, Mama."

"Na san kin sani. Faɗa dai nake yi."

Gunvor ta ajiye faranti. "Sai ki shirya, don rabin lardi zai zo. Tun da aka ji ke ce mai bayarwa waya ba ta huta ba. Mutanen da ko gaisuwa ba su taɓa yi da Baba ba duk sun tuna abokinsu ne. Matar kanti har gashi ta je ta gyara."

"Gunvor," in ji Borghild.

"Ƙarya na yi?"

"Ba ki yi ba. Miƙo man shanu."

Washegari, gari bai gama wayewa ba, don a wannan lokaci na hunturu rana sai ta ga dama take leƙowa, Eldrid ta sa takalman roba na yayarta ta shiga garken tumaki. Ta tsaya tsakanin ɗumin jikinsu da warin ciyawa, ta nemo inda mahaifinta yake ɗauko waƙar. Ba ta sha wahalar nemowa ba, yana nan a kunnenta. Ta rera baitin farko a can ƙasa, a hankali, da duk lanƙwashe-lanƙwashensa. Muryar da ta fito ba ta ji daɗinta ba. Iska ta yi mata yawa, ba ta da sheƙi, kamar ta wata mace da ta tashi daga mura. Ta sake, ta ɗan fi. Ta sake.

Gunvor ta shigo da dammin ciyawa a kafaɗa. "Me tumakin suka ce? A maimaita?"

"Ba ta fita sosai a ƙasa."

"Ina kike so ta fita ta je? Ɗakin ai kin san girmansa. Matsa, kin tare musu kwami."

A tsakar gida Eldrid ta iske Ottar, maƙwabcinsu, tsoho mai kafaɗu kamar ƙofar rumbu, yana saran rassan bishiya yana shimfiɗawa a kan ƙanƙara daga bakin ƙofa zuwa hanya. An riga an sauke tuta zuwa rabin sanda. Ya miƙe da ƙyar ya cire safar hannu ya ba ta hannu.

"'Yar Sjur. Kin girma a talabijin, a fili kuma ga ki 'yar mitsitsiya. Har yanzu kina jin yaren kwari, ko sai an fassara miki?"

"Ina ji, Ottar. Ya gwiwa?"

"Tana nan tana mulki. Ke dai ki ba ni inda zan sa ƙafa, sauran zan biyo ki. Ubanki ya yi shekaru yana ja na kamar tsohon doki, bai taɓa ƙorafi ba."

Kafin hantsi gida ya cika. Gunvor ba ta yi ƙarya ba. Motoci sun yi layi har gada, takalma sun taru a baranda, baƙaƙen kwat sun cika babban ɗaki da kicin da matakala, wasu ma a waje suka tsaya an buɗe musu taga. Tsofaffin kwari suna gaba, kowa da littafin waƙa a hannu wanda ba zai buɗe ba. Baƙin suna baya, suna miƙa wuya. An ajiye wa Borghild kujera a wajen kan akwatin, amma ta ƙi zama. Ta tsaya a kan sandunanta, cikin baƙar rigarta mai maɓallin azurfa, ta ɗan yi gyaran murya sau biyu a hankali, kamar mai jin kunyar a ji ta tana shiri.

Ottar ya dubi Eldrid ya gyaɗa kai.

Ta matso. Ta san inda za ta ɗauko, ta riƙe shi a kunne tun daga garke. Ta ja numfashi. Kuskurenta ɗaya, ta dubi cikin akwatin. An taje masa gashi zuwa gefen da bai taɓa tajewa ba, an haɗa masa hannuwa a ƙirji, a babban yatsansa kuma ga tsohon tabon wuƙa da ta manta da shi sarai sai yanzu. Ta buɗe baki a can ƙasa, babu abin da ya fito sai iska.

Ɗakin yana jira. Wani ya yi tari a matakala.

Shekara da shekaru an koya mata abin da ake yi in murya ta ƙi. Ta yi waƙa da zazzaɓi, ta yi ranar da aurenta ya mutu, ta yi a gaban sarakuna. Akwai wuri ɗaya a muryarta da bai taɓa ba ta kunya ba, can sama, inda kuka ba ya kaiwa. Ba ta yanke shawarar zuwa can ba. Jikinta ne ya tafi, kamar yadda ƙafa take gane matakalar gida a duhu. Waƙar ta fito tas, siririya, mai haske, daidai inda take fara ta a ɗakunan taro.

Tsofaffin suka kama, don an saba in an bayar a kama. Ottar ya shiga daga ƙasa, ya laluba, bai sami inda zai tsaya ba, ya yi gunaguni kaɗan ya saki. Matan gaba suka bi ta layi ɗaya, a na biyu muryoyinsu suka tsinke ɗaya bayan ɗaya. Wata ta yi ƙoƙari har ta yi ƙara kamar ƙyauren da ba a sa wa mai ba, ta rufe baki da hannu. Kuma ba tsayin kaɗai ba ne. Inda suka saba lanƙwasawa su huta, ita ta miƙe ta wuce. Kafin baitin farko ya ƙare babu murya a gidan sai tata.

Ta gane. Ba daga baya ta gane ba, a nan take ta gane, wannan ne abin da ya fi ci mata rai har yau. Ta gefen ido tana ganin mahaifiyarta. Bakin Borghild a buɗe yake, leɓɓanta suna bin kalmomin, jijiyar wuyanta ta tashi, amma babu sauti. Ta sake gwadawa a farkon baiti na biyu. Sannan ta rufe bakin, ta gyara riƙon sandunanta, ta dubi mijinta.

Da Eldrid ta tsaya. Da ta ce, ku yi haƙuri, mu sake daga ƙasa. Sjur da kansa yakan yi haka in ya ɗauko ba daidai ba, ya yi tari ya ce, "A'a, wannan ta mala'iku ce, mu dawo tamu," a yi murmushi a sake. Amma ita tun tana yarinya ba ta taɓa tsayawa a tsakiyar waƙa ba. An horar da ita cewa kome ya faru a ci gaba, kada mai sauraro ya san an yi kuskure. Ga kuma shirun nan da ya sauka a ɗakin, shirun da ta sani fiye da kowane abu a duniya, na mutanen da suka daina komai suna sauraronta. Ta ce a ranta, a baiti na gaba zan sauko. Baiti na gaba ya zo, ta ja numfashi, muryar ta koma inda ta saba.

Babu wanda ya katse ta. A kwarin nan ba a gyara wa mutum a gaban jama'a, balle 'yar mamaci, balle ita. Matar kanti tana share hawaye. A baitin ƙarshe Ottar da wasu maza suka matso suka ɗora murfi, suka ɗaure, suka ɗauka. Jama'a suka buɗe hanya. Akwatin ya bi ta baranda, ƙafafu a gaba, ya tsallake bakin ƙofa daidai lokacin da ta riƙe dogon sautin ƙarshe, wanda a Oslo akan tashi tsaye a yi masa tafi.

Borghild ta bi su a kan sandunanta har bakin ƙofa. A nan ta tsaya, iska na kaɗa mata gashi, har motar da ta ɗauki akwatin ta sha kwana.

Abin da aka yi a coci Eldrid ba ta riƙe da yawa ba. An kaɗa molon coci, fasto ya yi magana a kan makiyayi, an sa Sjur a ƙasa kusa da iyayensa. Aka dawo gida cin abinci. Gunvor da matan maƙwabta sun dama kunun kirim mai tsami a manyan tukwane, ga busasshen naman tunkiya, ga kofi ana ta zagayawa da shi. Mutane suka yi ta zuwa suna ba ta hannu.

"Mun gode da waƙa."

"Kamar a faifai, gaskiya. Har ma ta fi."

"Da Sjur ya ji, da ya yi alfahari."

Ta yi ta cewa na gode. Ottar ne ya zo a ƙarshe, da kwanon kunu a hannu, man shanu ya taru a tsakiya.

"Na duba ko'ina ban ga tsani ba, 'yar Sjur," ya ce. Da ya ga fuskarta sai ya daina murmushi, ya dafa kafaɗarta da hannunsa mai nauyi. "Ta yi daɗi. Ci abinci."

Wajen la'asar duhu ya fara sauka, motoci suka watse. Gunvor tana wanke kofuna, Eldrid tana gogewa, Borghild na zaune a tebur tana jera cokula a akwatinsu. Babu abin da ake ji sai ruwa da ƙarar tangaran. Eldrid ta goge kofi ɗaya har ya fara ƙara a hannunta.

"Mama."

"Na'am."

"Mu rera ta yanzu. Ni da ke da Gunvor. Daga ƙasa, yadda Baba yake yi."

Borghild ba ta ɗago ba. "Wa za mu fitar?"

"Don dai ki..."

"Ya riga ya fita, 'yata."

Gunvor ta kashe famfo. Eldrid ta ajiye kofin, ta zo ta durƙusa a gefen kujerar, abin da ba ta yi ba tun tana 'yar firamare.

"Na shirya ta a ƙasa. Ki tambayi Gunvor, da safe a garke na shirya ta. Da na gan shi ne murya ta ƙi fita, sai na..."

"Na gani. Ina tsaye kusa da ke." Borghild ta sa hannu ta gyara mata gashin da ya zubo a goshi. "Kuma ban taɓa jin abu mai daɗi haka a ɗakin nan ba. Kada ki ce na ce ba ta yi daɗi ba. Na saurara har ƙarshe."

"Ba sauraro kika ce kina so ba."

"A'a."

Ta ɗauki wani cokali ta duba shi a hasken fitila, ta goge shi da gefen riga, ta sa a wurinsa.

"Tunda kuna nan ku biyu, bari in faɗa yanzu, kada a zo ana ja-in-ja. In tawa ta zo, Gunvor ce za ta bayar."

Gunvor ta juyo, kumfa har gwiwar hannu. "Ni? Mama, ni da ko a coci baki kawai nake motsawa? In na ɗaga murya kare ma barin gidan yake yi."

"Shi ya sa. Ke babu wanda zai tsaya sauraronki. Za su shiga da sauri don su rufe ki."

Gunvor ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ko'ina ba, ta dubi ƙanwarta, ta mai da kai ga kwanuka.

Eldrid tana nan a durƙushe. Ta so ta ce a ba ta dama ɗaya, ta so ta ce yanzu ta san inda ramin yake. Amma ta dubi hannuwan mahaifiyarta a kan cokulan, ta ga ba hukunci ake yi mata ba. Tsohuwa ce kawai take shirya tafiyarta yadda take so, kamar yadda take jera cokula.

"Ni fa, Mama?"

"Ke ki tsaya a baya, wajen ƙofa, cikin mata. In an bayar ki amsa."

Eldrid ta yi ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da ta amsa waƙar da wani ya bayar, muryarta ta ɓace cikin na mutane babu wanda ya juyo. Ta koma baya, ta koma baya, ba ta samo ba.

"To, Mama," ta ce.

"Tashi, ƙasan da sanyi. Akwai sauran kofuna a babban ɗaki."

Ta tashi ta tafi kwaso su.